Tsakuwar Ƙoda da Ƙarfin Aljihu: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan ciwon tsakuwar ƙoda suke, kuma ko da yake waɗanda suka rubuto su ba su san juna ba, kusan kowace wasiƙa ta ƙare ne a kan batun kuɗi, ko yanayin aiki, ko wahalar samun likita a kan lokaci. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda aka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yayana da maigidan da yake yi wa aiki sun kamu da tsakuwar ƙoda a shekara guda. Shi maigidan kwana biyu ya yi a asibiti, aka fasa masa ita ba tare da an yanka shi ba, ya koma harkokinsa. Yayana kuwa ya fi shekara yana fama, daga ƙarshe aka yi masa tiyata aka cire ƙodar baki ɗaya. Shin tsakuwar tasu ce ta bambanta, ko kuwa likitoci ne suke duban fuska? (Daga wani ƙane mai neman haske)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai a ce ranar da ciwon ya fara taso musu, tsakuwar da ke jikin yayanka da wadda ke jikin maigidansa iri ɗaya ce, girmansu ma kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da kowace tsakuwa ta samu tana zaune a inda ta maƙale, kuma a wannan ciwo lokaci abu ne da ake saye da kuɗi.

Fitsari yana ɗauke da sinadarai narkakku waɗanda jiki ke son rabuwa da su. Idan ruwan da ke cikinsa ya yi ƙaranci, ko sinadaran suka yi yawa, sai su fara daskarewa suna haɗuwa har su zama tsakuwa. Kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan tsakuwa daga sinadarin kalsiyam take, yawanci haɗe da okzalet (wani sinadari da ake samu a wasu abinci), sauran kuma daga yurik asid (wani datti mai tsami da jiki ke fitarwa a fitsari), ko daga ƙwayoyin cutar da suka daɗe a hanyar fitsari. Muddin tana kwance a cikin ƙoda, mutum zai iya shekara bai san da ita ba. Masifar tana farawa ne idan ta gangaro cikin siririn bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, wanda tsawonsa ya kai santimita 25 zuwa 30 amma faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci takan fita da kanta, wadda ta haura milimita 10 kuwa da wuya ta fita sai an sa hannu. Shi ya sa likitoci ba sa son a zura wa tsakuwar da ta toshe bututu ido fiye da mako huɗu zuwa shida, domin fitsarin da ya rasa hanya yana komawa ya kumbura ƙodar, naman ƙodar kuma ya riƙa sirancewa har ya daina aiki. Babban abin ruɗin shi ne zafin yakan lafa bayan ɗan lokaci alhali toshewar tana nan, sai mara lafiya ya ɗauka ya warke.

To, a nan ne aljihu ke shigowa. Mai hali idan ciwon ya kama shi cikin dare, kafin gari ya waye an ɗauki hoton cikinsa, an san girman tsakuwar da inda take, an sa ranar aiki. Wanda kuwa sai ya fita yake samun abin da iyalinsa za su ci, wuni guda a layin asibiti asarar kuɗin wuni ce tun kafin a zo maganar kuɗin hoto da na gwaji, don haka sai ya sayi ƙwayar kashe zafi ya koma bakin aiki. Magunguna irin su daikulofinak suna kashe zafin tsakuwa sosai, likitoci ma da su suke farawa, amma shan su wata da watanni yana ƙara wa ƙodar da ta riga ta jigata rauni. Haka zai yi ta lallaɓawa har ranar da zazzaɓi ko kumburi ya kwantar da shi, lokacin kuwa tsakuwar ta girma, ƙila mugunya ta taru, ƙila ƙodar ta mutu. Idan ƙoda ta mutu kuma ta zama matattarar ƙwayoyin cuta, cire ta shi ne daidai, ba sakaci ba ne.

Sai kuma batun kayan aiki. Manyan hanyoyin da ake cire tsakuwar ƙoda a yau ba tare da babbar yanka ba sun bayyana ne daga shekarun 1970 zuwa gaba. A 1976 likitoci a Suwidin suka bayyana hanyar huda ƙaramar kafa ta baya a shiga ƙoda kai tsaye, wadda har yau ita ake zaɓa idan tsakuwa ta haura santimita 2. A watan Fabrairun 1980 aka fara amfani da na'urar da ke farfasa tsakuwa daga wajen jiki ta hanyar girgiza mai ƙarfi, a birnin Munik na Jamus. Daga shekarun 1990 kuma aka yawaita zura siririyar na'urar leƙe ta hanyar fitsari a rugurguza tsakuwar da hasken leza, kuma da alama irin wannan aka yi wa maigidan yayanka. Waɗannan na'urori suna da tsada, suna saurin lalacewa, suna buƙatar wutar lantarki tsayayyiya da ƙwararrun da suka yi shekaru suna koyo, saboda haka suka taru a manyan birane da asibitocin kuɗi. Inda babu su sai a koma ga tsohuwar tiyata ta buɗe jiki, wadda tana ceton rai babu shakka, amma tana kwantar da mutum kusan mako guda a asibiti, ta kuma hana shi aikin ƙarfi na makonni. Ka ga ke nan wanda da ƙarfin jikinsa yake ci shi ne ke samun aikin da ya fi daɗewa bai warke ba, wanda kuma yake da albashin hutun jinya shi ne ke tashi cikin kwana biyu.

Game da duban fuska, ba zan rantse maka cewa babu shi ba, domin likitoci mutane ne. Amma a ganina an riga an gama tace marasa lafiya tun kafin su iso gaban likita. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayar da rahoto a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, kuma a kowace shekara mutum miliyan 33 ne kuɗin tiyata ke durƙusar da su, wasu miliyan 48 kuma kuɗin mota da masauki da abinci na zaman jinya ne ke karya su. Shi Yaya yanzu abin da ya rage masa shi ne tattalin ƙodar da ta saura, wadda ta isa ta riƙe shi tsawon rayuwa idan lafiyayyiya ce. A duba ta da hoto lokaci zuwa lokaci, a riƙa auna hawan jininsa, ya guji shan ƙwayar kashe zafi barkatai, kuma duk ranar da fitsarinsa ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, ya tafi asibiti nan take, domin mai ƙoda ɗaya ba shi da mataimakiya idan bututu ya toshe.

TAMBAYA: Likita, na sha jin ana cewa tsakuwar ƙoda ciwon masu cin daɗi ne. To, me ya sa aka ciro wa ɗan maƙwabciyata mai shekara biyar tsakuwa daga mafitsara, alhali iyayensa talakawa ne liƙis? (Daga wata uwa)

AMSA: Malama, masu wannan magana sun riƙe rabin gaskiya. Tsakuwar da ke fitowa a ƙodar manya tana ƙaruwa a duk inda cin gishiri da nama da kayan zaƙi ya ƙaru, ƙiba da ciwon suga suka yawaita. A Amurka binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa manyan da suka taɓa yin tsakuwar ƙoda sun tashi daga kashi 3.8 cikin ɗari a tsakanin 1976 da 1980, zuwa kashi 5.2 a tsakanin 1988 da 1994, zuwa kashi 8.8 a tsakanin 2007 da 2010, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane goma sha ɗaya. Sai dai ko a can ɗin, ƙiba da ciwon suga sun fi yawa a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi, saboda abinci mai arha shi ne wanda aka cika da gishiri da suga, don haka kiran ciwon da na masu kuɗi ya daina yin daidai.

Shi kuwa yaron da kika ambata, tasa tsakuwar daban ce, kuma tsohuwar cutar talauci ce da tarihi ya sani. A ƙarni na 18 da na 19 asibitocin Turai cike suke da yara maza masu tsakuwar mafitsara, yankin Nofok na Ingila ma har ya yi suna a kan haka, amma da abincin yara ya inganta sai cutar ta kusan ɓacewa daga nahiyar ba tare da wani sabon magani ba. Har yanzu ana ganin ta a sassan Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya da Kudancin Asiya. Tana kama yaron da aka yaye a kan abincin hatsi zalla, ba madara ba wani abin gina jiki, ga yawan gudawa da ke ƙafar da ruwan jikinsa, sai fitsarinsa ya yi kauri ya cika da sinadaran da ke daskarewa a mafitsara. Ta fi kama maza saboda hanyar fitsarinsu ta fi tsawo da ƙunci. Abin farin ciki shi ne idan aka cire ta kuma abinci ya gyaru, ba kasafai take dawowa ba.

Akwai kuma abin da ya faru a Sin a 2008, lokacin da aka gurɓata madarar jarirai da sinadarin melamin don ta nuna kamar tana da abin gina jiki da yawa. Jarirai kusan 300,000 ne suka kamu da matsalar ƙoda da tsakuwa, fiye da 50,000 aka kwantar a asibiti, shida suka rasu bisa alƙaluman hukuma, kuma abin ya fi taɓa iyalan karkara masu sayen madara mai rahusa. Ku mata ma kuna da naku kason, domin ciwon sanyin fitsari da ake bari ba a magance shi yadda ya kamata ba yana haifar da wata tsakuwa mai saurin girma, wadda takan yi rassa kamar ƙahon barewa ta cike ƙoda gaba ɗaya, kuma ta fi samun mata.

TAMBAYA: Barka da aiki Likita. Ni ma'aikaci ne a masana'antar narka ƙarfe, a gaban wuta nake wuni. Tsakuwa ta sha fito mini, kuma kowane likita cewa yake yi in sha ruwa da yawa. Amma a wurin aikinmu ba a son mutum ya riƙa fita ban ɗaki, idan ka cika fita ana yanke maka albashi. Yaya zan yi? (Daga wani magidanci)

AMSA: Malam, tambayarka ta taɓa wani laifi da mu masu ba da shawara muke yi, wato mu ce wa mutum ya sha ruwa kamar abin a hannunsa kaɗai yake. Shawarar kanta gaskiya ce, an kuma gwada ta. A 1996 likitoci a birnin Farma na Italiya suka wallafa sakamakon bibiyar mutum 199 da suka yi tsakuwa karon farko, inda aka raba su gida biyu aka bi su shekara biyar. Cikin waɗanda aka sa su yawaita shan ruwa, kashi 12 cikin ɗari ne tsakuwar ta dawo wa, cikin ɗaya rukunin kuwa kashi 27. Idan aka tuna cewa kusan rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa sukan sake yi cikin shekara biyar zuwa goma, za a ga cewa babu wani magani mai arha da ya kai ruwa amfani. Abin da ake nema shi ne mutum ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2.5 a wuni da kwana. Ka lura, ma'aunin na fitsarin da ya fita ne, kuma mai wuni yana zuba gumi irinka sai ya sha fiye da na ɗan ofis nesa ba kusa ba kafin ya kai wannan adadi.

Irin aikinka ma an yi nazari a kansa. A wata masana'antar gilashi a Italiya, binciken da aka wallafa a 1993 ya sami tsakuwa a jikin kashi 8.5 cikin ɗari na masu aiki a sashen zafi, da kashi 2.4 na masu aiki a inda ba zafi. A wata masana'antar ƙarfe a Birazil, binciken 2005 ya sami kashi 8 a sashen zafi da ƙasa da kashi 1 a sauran sassa. Ba ku kaɗai ba ne. Direbobin doguwar tafiya, da masu aikin gini da na gona a cikin rana, da malaman makaranta da ma'aikatan jinya waɗanda ba sa iya barin wurin aiki, duk sukan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matsa musu, haka ma matan da ke wuni a inda babu ban ɗaki mai sutura. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da tsaftataccen ruwan sha da za su dogara da shi, biliyan 3.5 kuma ba su da ingantaccen tsarin ban ɗaki. Kowa ya haddace cewa rigakafi ya fi magani, amma rigakafin wannan ciwo yana buƙatar ruwa a kusa, da wurin zagayawa, da shugaban aiki mai barin mutum ya zagaya, kuma waɗannan ukun ba a raba su daidai tsakanin mutane ba.

Shawarata ita ce ka nemi likitanka ya rubuta maka takarda mai hatimin asibiti da ke bayyana cewa lafiyarka tana buƙatar shan ruwa da fita fitsari a kai a kai, sannan ka kai ta tare da abokan aikinka ko ta hannun ƙungiyar ma'aikata idan kuna da ita, domin ƙorafin mutum ɗaya shi ake saurin yi wa barazana. Akwai hujjar da masu masana'anta ke saurara, ita ce ƙwararren ma'aikacin da ya kwanta jinya na makonni ya fi janyo musu asara a kan mintocin zuwa ban ɗaki. Kafin hakan ta samu, ka sha ruwa sosai kafin ka shiga aiki, ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan a bakin aiki tunda gumi zai ɗebe mafi yawansa, ka cika ciki bayan an tashi da kuma kafin ka kwanta. Launin fitsari ya ishe ka ma'auni, idan ya yi duhu ruwa bai isa ba. Ka rage gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, domin gishiri yana tura kalsiyam cikin fitsari, ka kuma rage lemon kwalba mai suga. Kada ka daina shan madara da sauran abinci masu kalsiyam don jin cewa tsakuwa daga kalsiyam take. Wani bincike na 2002 a kan maza 120 ya nuna cewa waɗanda aka rage wa kalsiyam sun fi sake yin tsakuwa, kashi 38 cikin ɗari, a kan waɗanda aka bar musu kalsiyam aka rage musu gishiri da nama, kashi 20.

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma. Shin a ƙasashe masu arziki an rabu da wannan bambanci tsakanin mai kuɗi da talaka? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Ba a rabu da shi ba, 'yata, kamanninsa ne suke sauyawa gwargwadon yadda kowace ƙasa ta tsara biyan kuɗin magani. A Amurka na'urori suna nan birjik, amma irin inshorar da mutum yake da ita ce ke buɗe masa ƙofa. Nazarce-nazarcen da aka yi a can sun nuna cewa marasa inshora da masu inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi sukan fi daɗewa kafin a yi musu aikin cire tsakuwa, sukan kuma iso da tsakuwa mai girma da wahalar aiki, kuma an sami bambanci tsakanin baƙaƙen fata da farare hatta a wajen ba da maganin kashe zafi a sashen gaggawa. A Birtaniya, inda tun 1948 ake duba mara lafiya ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, ba a tambayar aljihu, amma akwai jerin jira, kuma mai hali yana iya tsallake shi ya tafi asibitin kuɗi. Wannan bambancin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda wanda ciwonsa ya zama na gaggawa ba ya jira.

Abin da nake so ki riƙe a karatunki shi ne cewa arzikin ƙasa ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A birnin Karachi na Pakistan akwai cibiyar kula da cututtukan mafitsara da dashen ƙoda ta lardin Sindh, wadda Farfesa Adibul Hasan Rizvi ya gina daga ƙaramin ɗakin jinya, kuma tana yi wa jama'a aikin tsakuwa da wankin ƙoda da dashe kyauta, da tallafin gwamnati da gudummawar mutane. Haka kuma ba kowane abu mai tsada ne ya zama dole ba. A 2014 an wallafa wani gwaji da aka yi a sassan gaggawa 15 a Amurka a kan mutum fiye da 2,700, wanda ya nuna cewa fara binciken tsakuwa da hoton sikanin na sauti bai ƙara haɗari ga marasa lafiya ba idan aka kwatanta da farawa da hoton siti (CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da babbar na'ura mai amfani da tururin haske), ga shi ya fi arha kuma ba ya ɗora wa jiki tururin haske mai illa. Na'urar sikanin a ƙaramin asibiti, a hannun ma'aikacin da ya iya gane kumburarriyar ƙoda ya kuma san inda zai tura mara lafiya, za ta ceci ƙodoji fiye da na'urar leza guda da aka ajiye a babban birni. Ni dai idan aka ba ni zaɓin inda za a fara zuba kuɗi, a nan zan fara.

TAMBAYA: Wani mai magani ya ce yana da abin sha da ke narkar da kowace irin tsakuwa, kuma kuɗinsa bai kai na tiyata ba. In saya? (Daga wani dattijo)

AMSA: Baba, kada ku saya. Cikin irin tsakuwar da aka fi samu, ta yurik asid ce kaɗai ake iya narkarwa da magani, ta hanyar rage tsamin fitsari da sinadarin fotasiyam sitiret, shi ma a ƙarƙashin kulawar likita mai auna fitsari da jini. Tsakuwar kalsiyam, wadda ita ce mafi yawa, babu abin sha da ke narkar da ita. Masu irin wannan talla suna cin ribar cewa ƙananan tsakuwoyi da ma kansu suke fita, sai a ce maganin ne ya yi aiki. Akwai ƙwayar da likitoci ke bayarwa mai suna tamsulosin, wadda ke sassauta bututu don tsakuwar da ta kusa isa mafitsara ta samu ta wuce, amma sai an ga girmanta da matsayinta a hoto. Kuɗin da za ku ba mai maganin, ku yi hoton da shi.

TAMBAYA: Likita, a taimaka mini. An sa wa maigidana wata siririyar roba a cikin bututun ƙoda lokacin da tsakuwa ta toshe shi, aka ce ya dawo bayan mako shida a cire tsakuwar da robar. Ba mu sami kuɗi ba, yanzu an fi shekara. Yana ganin jini a fitsari, wani lokaci kuma jikinsa yana zafi. Kunya ta hana shi komawa. (Daga wata matar aure)

AMSA: Malama, wasiƙarki ce ta fi kowace gaggawa a cikin na wannan fitowa. Robar da aka sa masa ta ceci ƙodarsa a wancan lokaci, domin ita ta buɗe wa fitsari hanya, amma ba a yi ta don ta zauna ba. Sinadaran fitsari suna manne mata a hankali har ita kanta ta zama tushen sabuwar tsakuwa a samanta da ƙasanta. Wani bincike da aka yi a Saudiyya a 1991 ya sami irin wannan ɓawon tsakuwa a kan kusan kashi 9 cikin ɗari na robobin da aka cire kafin mako shida, da kusan rabin waɗanda suka yi mako shida zuwa goma sha biyu, da kashi 76 na waɗanda suka wuce haka. Robar da aka cire a kan lokaci aikin 'yan mintoci ne, sau da yawa ko barci ba a sa mutum. Wadda ta shekara kuwa takan buƙaci aiki fiye da ɗaya, kuma kowane wata da ya ƙaru yana ƙara wahalar aikin da kuɗinsa da haɗarin rasa ƙodar. Likitocin mafitsara a ko'ina cikin duniya sun san wannan matsala, sun kuma san cewa rashin kuɗi da nisan gida da rashin cikakken bayani ne suka fi jawo ta, saboda haka ki gaya wa maigida cewa ba shi ne na farko da zai koma a makare ba, kuma asibitin da ya sa roba bai bibiyi mai ita ba shi ma yana da nasa alhakin.

Ku koma cikin makon nan da duk takardun da aka ba ku. Ku gaya wa likita ƙarara cewa kuɗi ne ya hana ku, domin sai ya san haka zai tsara aikin daidai da halinku, ya fara da abin da ba ya jira. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda yawancin manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suke da shi, ko akwai rangwame ko biya kaɗan kaɗan ko wata gidauniya da ke taimakawa, ku kuma nemi a rubuta muku jimillar abin da za a kashe don ku san abin da za ku nema wajen dangi. Kada ya yarda wani wanda ba likitan mafitsara ba ya yi ƙoƙarin zaro robar, domin idan ta yi ɓawo tana iya tsinkewa ko ta yaga bututun. Zafin jikin da kika ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Idan zazzaɓi ya zo masa da rawar sanyi da ciwon kwiɓi, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko kika ga hankalinsa yana gushewa, alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta sun taru a bayan toshewar suna shiga jini, abin da ke iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. A wannan hali ki kai shi sashen gaggawa a daren, ko da kuɗi a hannu ko babu, ki kuma fara gaya wa wanda ya karɓe ku cewa akwai roba a bututun ƙodarsa tun fiye da shekara guda.